Nutson Auta

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Bulama ya tsayar da mu a ƙofar gidansa, ya ce hukuma ta aiko baƙo da magana. Wani matashi ne siriri, riƙe da takarda, ya durƙusa ya gaishe mu yadda ya kamata kafin ya fara. Ya ce doka ta hana a sa yaron da bai kai shekara goma sha takwas ba aikin da zai iya halaka shi ko ya nakasa shi. Ya ce ba a hana yaro taya iyayensa aiki ba, ba a hana shi kiwo ko tsaron gona ba. Abin da aka hana shi ne feshin maganin ƙwari, da tsayuwa a bakin injin casa, da ɗaukar kayan da suka fi ƙarfinsa, da nutso cikin ruwa mai zurfi don a warware taru. Da ya ambaci nutso sai dattawa suka kwashe da dariya. Wani abokina da muka yi ƙuruciya tare ya ɗaga sandarsa ya ce, "Ɗana, mu da kake gani ɗin nan, tun ba mu iya ɗaure zariyar wando ba ake jefa mu ruwa. Ga mu da ranmu, har da jikoki." Kowa ya ce gaskiya ne. Ni ma na gyaɗa kai. Sai da na kama hanyar gida ni kaɗai na ce a raina, ai mu da muka fito lafiya ne kaɗai ake tarawa a ƙofar Bulama. Waɗanda ba su fito ba, da waɗanda suka fito rabi, ba wanda ya kira su ya ji ta bakinsu.

Garinmu yana bakin fadama, gabas da Haɗeja, in ka miƙi hanyar Kirikasamma. Da muna yara, ruwa ne ke gaya mana lokaci. Damina kan yi nisa, sai wata safiya a wayi gari sabon ruwa ja ya iso daga yamma, yana tafe a hankali cikin ciyawa kamar yana neman hanya, yana tura kumfa da karare a gabansa. Mu yara mukan bi bakinsa da gudu muna ihu, muna kama 'yan kifayen da ke gaba-gaba da hannu. Kafin mako biyu garin ya zama tsibiri, ba shiga ba fita sai a jirgi ko a kan gora. Abin da na fi tunawa shi ne ƙara. Agwagin ruwan nan, kirinjijiya, kan wuce da asuba garke-garke suna fito, gauraka na kuka can cikin shinkafa, dinya na sauka da nauyi kamar an jefa buhu a ruwa. Daga nesa kana jin masunta na buga gora da tafin hannu, kana jin mata na sussuka, kana jin ƙamshin banda ya cika unguwa har ya kama riga. Yau in na fito da asuba injin ban-ruwa nake ji, sai babura. Ba na cewa sun yi laifi, su ke ciyar da mu yanzu. Amma kunnen da ya saba da wancan bai taɓa sabawa da wannan ba.

Ba wanda ya zauna a cikinmu. Tun kana ɗan shekara biyar za a ɗora ka kan rumfar tsaro a tsakiyar shinkafa, a ba ka majaujawa da igiyar da aka rataya wa gwangwanaye, ka wuni kana korar tsuntsayen jan-baki har muryarka ta dushe. In ka ƙara tasawa ka bi yayyenka yankan kaba, ka shiga ruwa iya ƙugu ɗiban bado, ka taya mata feɗe kifi da jera shi a kan banda. Da rani, in tabo ya bushe ya tsattsage, mu bi da sanda muna ƙwanƙwasawa, mu tono gaiwa daga raminta. Waɗannan ayyuka ban taɓa nadamarsu ba. A cikinsu na san sunan kowane tsuntsu da kowace ciyawa, a cikinsu na koyi haƙuri da yunwa da rana, kuma mafi munin abin da kan same ka shi ne ƙaya ko matsattsaku. Da matashin nan ya ce a hana waɗannan, da ni ne farkon wanda zai tashi ya bar masa wurin. Amma akwai aiki ɗaya da ba irinsu ba ne, kuma mun haɗa shi da su muka kira shi duka horo.

Mahaifinmu ya rasu ƙanina yana goye, shi ya sa kowa ke ce masa Auta har sunansa na yanka ya ɓace. Ƙanin mahaifinmu, Baffa, shi ya riƙe mu da mu da Inna. Ba mugu ba ne, ina so a san wannan. Bai taɓa bambanta mu da 'ya'yansa a akushi ba, kuma duk salla tare ake ɗinka mana riga. Yana da taru babba, irin wanda sai maza wajen ashirin ke ja, kuma in ruwa ya fara ja da baya, kifi ya taru a tafkuna, shi ne lokacinsa. Matsalar taru ita ce ƙasan ruwa. Akwai kututturan giyayya da ambaliya ta kayar, akwai saiwoyi, kuma in taru ya sarƙe a ciki sai wani ya nutsa ya warware shi da hannu. Yara ake sawa. Manya kan ce jikin yaro ƙarami ne, yana ratsa tsakanin rassa, su kuma in suka saki igiya kifi zai tsere. Sai da na girma na gane sauran dalilin. Babba ya san abin da ke ƙasa, shi ya sa ba ya son shiga. Yaro bai sani ba, kuma yana son a yabe shi.

Ina da shekara goma sha ɗaya na fara. Mutumin da bai taɓa yi ba ba zai gane ba. Kana barin saman ruwa haske ya ƙare, sanyi ya kama ka, ba ka ganin ko tafin hannunka. Da lalube kake bin igiya har ka kai inda ta kama, kunnuwanka na ƙara kamar ana soka maka tsinke, ƙirjinka na neman fashewa, kifi na bugun fuskarka. In ka fito da nasara maza su yi maka kirari, Baffa ya zaɓi tarwaɗa mafi girma ya ce, "Wannan ta ɗan nutso ce, a kai wa uwarsa." Ba abin da ya kai wannan daɗi a duniyata ta lokacin. In kuwa ka yi jinkiri a baki, sai ya ce, "In tsoro kake ji ka faɗa, in mayar da kai gida ka taya mata hura wutar banda." Kuma za a yi wata guda ana tsokanarka da ita a dandali. Kunnena na hagu tun a shekarar farko ya fara zubar da ruwa. Inna kan ɗiga mini man shanu mai ɗumi, washegari in koma.

Auta ya bambanta da ni. Ni ƙarfi gare ni, shi kai. Yana shekara goma ya wuce ni a allo, har malam kan sa shi ya biya wa manyansa. Yana kwaikwayon kukan kowane tsuntsu, yana kwaikwayon tafiyar Baffa in ya ba da baya, har Inna ta toshe baki da gefen zane don kada a ji dariyarta. An riga an rubuta sunansa cikin waɗanda za a kai makarantar boko a Haɗeja in ruwa ya janye. Amma shi ba abin da yake so kamar ya zama ni. Duk inda na sa ƙafa yana baya. A gefen tafki yakan toshe hanci ya nutsa a ruwa iya ƙirji, ya fito yana haki ya ce, "Yaya, nawa ka ƙirga?" In ce masa talatin ko da ashirin ne, don in ga haƙoransa.

Ranar da abin ya faru ina da shekara goma sha huɗu. Da hantsi ne, a babban tafkin da ke gabas da gari. An zagaye, an fara ja, taru ya yi nauyi irin wanda ke sa maza waƙa, sai ya tsaya cak. Baffa ya dube ni, na tuɓe riga na faɗa. Na bi igiya har ƙasa na tarar ta naɗe a kututture. Ina laluben inda zan fara, sai wani abu ya ja ni a damtse, ya yage fata. Na kai ɗaya hannun a hankali, na ji siririyar igiya, na bi ta, na ji ƙugiya, na ji wata, na ji wata. Mamari ne, wato doguwar igiyar nan mai ɗaruruwan ƙugiyoyi da masunta ke shimfiɗawa, wani ya bar tsohuwarsa ta naɗe a rassan. Tsoron da ban taɓa ji ba ya kama ni. Na taka tabo na yi sama.

Baffa ya ce, "Ka warware?"

Na ce, "A'a."

"Me ya hana?"

Maza ashirin suna kallona, igiya a hannunsu. Kalma ɗaya ce, mamari. Da na faɗe ta, da an sassauta taru an nemi wata dabara. Amma na ga kamar in na faɗa za a ce hujja na ƙirƙiro, za a ce ɗan nutso ya tsorata. Sai na sa hannu na rufe damtsena a cikin ruwa na ce, "Kunnena ne, Baffa. Bari in ɗan huta in koma."

Ya ce, "Kafin ka huta kifin ya gama bin ta ƙasa."

Auta yana cikin jirgi yana kwarfe ruwa da ƙoƙo. Ya miƙe ya ce, "Baffa, bari in gwada. Ina kai talatin, Yaya ne ke ƙirga mini."

Wani daga cikin maza ya ce, "Kai, wannan bai yi ƙanƙanta ba?" Wani ya ce, "Ai da haka ake farawa." Baffa ya dube ni ya ce, "Zai iya?" Auta ma ya dube ni, idonsa na roƙona kada in kunyata shi. Ban ce zai iya ba, ban ce ba zai iya ba. Na sunkuyar da kai. Na ji faɗawarsa a ruwa.

Na fara ƙirgawa a zuci, kamar yadda na saba yi masa. Na wuce ashirin, na wuce talatin. A arba'in na ga igiyar taru na girgiza, irin girgizar da ba ta kifi ba. A hamsin ta daina. Baffa ya ce, "Yaron nan akwai numfashi," amma muryarsa ta canza. Ban san lokacin da na fizge wuƙar da ke ƙugun wani ba, na dai tsinci kaina a ƙasa cikin duhu. Ƙafarsa na fara taɓawa. Ƙugiyoyi sun kama shi a wando da cinya da hannu, ya yi ta fizga har ya ƙara naɗe kansa. Na yanka, na yanka, su ma suna kama ni, numfashina ya ƙare na fito na koma. A karo na biyu na ciro shi.

Aka kifa shi a kan gora ana mirgina shi, ana danna bayansa. Ruwa da tabo suka yi ta fita ta baki da hanci. Baffa na kiran sunansa na yanka, yana salati, hawaye na bin gemunsa. Can sai Auta ya yi wani tari, ƙirjinsa ya motsa. Wuri ya ɗauki hamdala. Aka rungume ni, aka ce na ceci ƙanina. Tarun ma a nan aka bar shi sai washegari.

Kwana uku bai yi magana ba, idonsa a buɗe amma ba ya bin kowa. Aka sa shi a jirgi zuwa tudu, daga nan a amalanken shanu har asibiti a Haɗeja. Likita ya ce ya daɗe ba numfashi, ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, abin da ya tafi ba zai dawo duka ba. A gari kuwa aka ce mutanen ruwa ne suka taɓa shi, don tafkin nan dama ba a rasa su. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka yi sadaka. Na bar su suka ce haka. Raunukan ƙugiya suna jikinsa kowa ya gani, amma ba wanda ya tambaye ni ko na san da su tun nutsona na fari a ranar, ni kuma ban faɗa ba.

Auta ya tashi, amma ba shi ba ne. Yana jan ƙafar dama, hannunsa na rawa, magana na fita da ƙyar kamar harshensa ya yi masa nauyi. Wani lokaci ya faɗi yana shure-shure sai an riƙe shi. Karatun da ya haddace ya zube, allonsa ya yi ta rataye har gara ta ci gindinsa. 'Yan makarantar boko suka tafi Haɗeja ba shi. Ya rayu har furfura ta fito masa a gemu, kuma a gidana ya yi yawancin shekarun nan, a gidana ya cika. Bai yi aure ba. Yakan zauna a zaure yana riƙe wa masu gyaran komar kamun kifi bakin zare, yara na wasa a jikinsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda yake ƙaunata. In na dawo daga ruwa zai taso yana jan ƙafa ya karɓi kayana, in baƙo ya zo ya nuna ni ya haɗa kalmomi da ƙyar ya ce, "Yaya ya fitar da ni." Baƙo ya ce Allah ya saka mini da alheri, ni kuma in ce amin.

Da labarin ya tsaya nan, da na ce ƙaddara ce ta same mu muka ɗauki darasi. Ba mu ɗauka ba. Shekarar da ta biyo baya Baffa ya sa ɗan maƙwabcinmu nutso, ni kuma na ci gaba har jikina ya yi girman da ba ya ratsa rassa. Da na zama magidanci na sami taru nawa, ni ma yara na sa. Nakan fara jefa ƙugiyar ƙarfe in share wurin, nakan ɗaura wa yaro igiya a ƙugu, in ce wa kaina na fi Baffa kula. Amma yara ne dai, 'yan sha ɗaya, 'yan sha biyu, kuma ina tsaye a jirgi rigata a bushe. Allah ya rufa asiri ba wanda ya mutu a hannuna. Ɗaya daga cikinsu yana sayar da kifi a kasuwar Haɗeja yanzu, dattijo ne shi ma. In na je gaishe shi sai na ɗaga murya kamar mai kiran wanda ke ƙetaren gulbi, don kunnuwansa biyu a ruwana suka mutu. Yana ba ni kifi kyauta, yana ce wa 'ya'yansa ni na koya masa sana'a.

Inna ta riga ta tsufa ƙwarai lokacin da Auta ya rasu. Bayan an share makoki, wata la'asar na same ta a tsakar gida tana saƙa faifai, don ko ido ya tafi hannunta bai manta ba. Na zauna a gabanta na gaya mata komai, tun daga ƙugiyar da ta yage ni har shirun da na yi. Hannunta ya tsaya a kan kaba. Sai ta ce, "Shekararka nawa ranar?"

Na ce, "Goma sha huɗu, Inna."

"Maza nawa ne a bakin tafkin?"

"Sun kai ashirin."

"A cikinsu akwai wanda bai san ana barin mamari a tafkin nan ba?"

Ba ta jira amsata ba. Ta ce, "Naka laifin yana nan, ba zan ce maka babu ba. Ka nemi gafarar Allah. Amma maza ashirin suka tsaya, suka bar rai a bakin yaro ɗan sha huɗu da ke jin kunya. Ni kuma da safen nan da hannuna na ɗaure masa wando na ce ya bi ka, kuma shekara uku ina ɗiga maka mai a kunne ina mayar da kai. Kowa ya ɗauki nasa. Kada ka kwashe namu ka haɗa da naka, ba za ka iya ba." Ta ci gaba da saƙarta, hawaye na ɗiga a kan faifan. Ba mu sake tayar da maganar ba har ta bar duniya.

Yanzu ruwan ma ba na da ba ne. Tun da aka datse shi can sama ba ya zuwa yadda ya saba, wata shekara ya yi ƙaranci, wata ya zo da fushi ya cinye gonaki da gidaje. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin da muke bi da jirgi, ta zama gidan jan-baki. Babban tafkin nan rabinsa gonar shinkafa ne, kifin da ake kamawa yanzu kuwa, a zamaninmu mayar da irinsa ruwa ake yi. Masu taru sun ragu, 'yan nutso ma haka, har yaran yanzu in ka ba su labari sai su ga kamar tatsuniya ce. Ina kewar wancan zamani kamar yadda ake kewar uwa. Amma ban yarda in yi masa ƙarya ba. Kuma haɗarin bai tafi ba, kaya kawai ya sake. Ka fita fadama da rani ka gani. Yara ƙanana goye da tankin feshi, ba takalmi, ba abin rufe hanci, suna dama magani da hannu, in bakin bututu ya toshe su sa baki su hura. Wasu na tura damin shinkafa a injin casa, hannun rigarsu na lilo kusa da bel. Iyayensu na faɗin abin da Baffa ke faɗi, cewa da haka ake koyo, kuma talauci bai bar mutum ya zaɓa ba. Na san talauci, ba labarinsa aka ba ni ba. Na kuma san takardar hukuma ba ta da ƙafar shiga fadama. Amma ina tunanin da akwai irin wannan doka a zamaninmu, ko ba ta hana Baffa ba, da mutumin nan da ya ce "bai yi ƙanƙanta ba?" ya sami abin da zai jingina da shi ya maimaita da ƙarfi. Da Inna ta sami abin faɗi ba tare da an ce ta raina mai riƙon 'ya'yanta ba.

Ranin da ya wuce tsutsa ta faɗa wa shinkafar babban ɗana. Da sassafe na fito zaure na tarar ya ɗora wa ɗansa tanki a baya yana daidaita masa maɗauri. Yaron shekararsa goma sha biyu, nauyin ya sa ya ranƙwafa, amma sai murmushi yake yi, don sa'o'insa duk sun fara shi bai fara ba.

Na ce, "Sauke masa."

Ɗana ya ce, "Baba, kadada ɗaya ce, kafin rana ta yi zafi ya gama. Ni zan je neman man inji."

"Man inji ya jira. Ko ka goya da kanka, ko ka nemi babba, ko tsutsa ta ci."

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Baba, kai da ka fara nutso kana sha ɗaya?"

Na ce su zauna, shi da yaron. A nan zauren na ba su labarin da Inna kaɗai ta taɓa ji. Tun yana ƙarami ɗana ya ga Baffansa Auta yana jan ƙafa, a cinyarsa ya yi wasa, amma abin da ya sani shi ne ubansa jarumi ne. Da na gama bai dube ni ba. Ya miƙe ya kwance tankin daga bayan ɗansa, ya goya, ya fita. Yaron kuwa ya cika ya yi fam, ya ce, "Kaka, ka sa za a yi mini dariya." Na ce, "Za a yi. Ka zo ka zauna kusa da ni a yi mana tare." Bai zo ba, ya koma bakin ƙofa ya juya mini baya.

Wajen azahar ɗana ya dawo. Iska ta juya masa a gona, maganin ya yi ta komowa fuskarsa, tankin kuma ashe yana yoyo ta murfi, ya jiƙa masa baya sharkaf. Idonsa ya yi ja, yana tafe yana dafa bango. Bai kai tsakar gida ba ya durƙusa ya yi amai. Muka tuɓe masa rigar, aka kawo sabulu da ruwa ya wanke jikinsa, aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa, na aika a kira mai duba marasa lafiya na garinmu. Mutum ne ɗan shekara arba'in, ƙaƙƙarfa, wanda ke ɗaga buhun shinkafa shi kaɗai. Yana kwance yana mayar da numfashi, ya juya kai ya dubi ɗansa da ke tsaye riƙe da buta, ya daɗe yana kallon 'yan siraran kafaɗun nan. Sannan ya ce, "Baba, ni ke nan da ƙarfina."

Na kira yaron na miƙa masa ƙwarya, na ce ya ruga rugar Fulanin da ke bayan gari ya karɓo wa ubansa nono, don haka muka saba ba wanda feshi ya buga, ko yana magani ko ba ya yi. Ya karɓa ya fita da gudu, ya manta yana fushi da ni. Wannan aiken dai daidai shekarunsa yake.